Muhawara: Shagonmu na dukanci da 'yan mazan jiya, mu rubuta a jikin kaya ko mu yi shiru?

Laminu Baduku, Birni

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Na zo neman shawara a kan wata magana da ta raba kan gidanmu. Gidanmu gidan dukanci ne a cikin Birnin Damagaram, mun gaji sana'ar daga kakanmu, kuma har yanzu mahaifinmu ne ke riƙe da ita duk da idanunsa sun yi rauni. Muna ɗinka takalma da jakunkunan mata da alabe da kube, sai kayan doki waɗanda kasuwarsu ke tashi idan hawan Sallah ya gabato.

Da yayanmu ya dawo daga bakin daga a jihar Difa da ƙafa ɗaya, mahaifinmu ya zaunar da shi kusa da shi, ya mayar masa da basilla a hannu. Daga baya shi kuma ya kawo abokan aikinsa biyu waɗanda rauni ya fitar da su daga aikin soja, muka koya musu yanka da ɗinki, yanzu ana biyan su kamar kowane ma'aikaci. Akwai kuma mata biyu da mazajensu suka rasu a fagen fama, muna kai musu aikin saƙar madauri da ado har gida. A kowane kaya da muka sayar muna ware wani abu kaɗan saboda littattafai da tufafin makarantar marayunsu.

Ƙanwarmu da ke karatu a Jami'ar André Salifou ta ce mu liƙa wata 'yar takarda a jikin kowane kaya mu bayyana cewa tsofaffin sojoji ne suka ɗinka shi, mu kuma sa hotunansu a Facebook domin mutanen Yamai su sani su saya. Mahaifinmu ya ƙi, ya ce wannan ciniki ne da jinin bayin Allah, kuma riya ce. Ita kuma ta ce ɓoye su da muke yi shi ne ainihin rashin girmamawa. Ni na rasa inda zan tsaya, domin ina ganin gaskiya a bakin kowannensu.

Ajidan mai ritaya, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, ɗana Laminu. Ka gaida mini mahaifinka, ka ce masa wani tsohon soja ya gode masa. Na ga abokan aikina da yawa sun ajiye kaki, kuma abin da ya fi cin su ba yunwa ba ce kaɗai. Mutumin da ya saba tashi kafin asuba, wanda ake kiran sunansa kowace safiya ya amsa, wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, rana ɗaya sai ya wayi gari a ƙofar gida babu wanda ke jiran sa a ko'ina. Fansho yana zuwa, amma fanshon ƙaramin soja ba ya riƙe gida mai 'ya'ya bakwai, kuma ko da ya riƙe, ba ya cika wa mutum yini. Wanda ya ba irin wannan mutum wurin zuwa da safe ya yi masa abin da kuɗi ba su yi.

Game da hoto, ina tare da mahaifinka. Ban yarda a nuna dungun soja domin a sayar da takalmi ba. Akwai kuma dalilin tsaro da ƙanwarka ba ta duba ba: mutumin da ya yi aiki a yankin Tafkin Chadi yana iya samun dangi a ƙauyukan da har yanzu ba su zauna lafiya ba, kuma hoton da ya shiga intanet ba ya dawowa. Amma 'yar takarda da ba ta ɗauke da suna ko fuska, ni ban ga aibinta ba. Jama'a sun san an rasa sojoji 46 a tsibirin Karamga a watan Afrilun 2015, sun san 71 na Inates a watan Disambar 2019, da 89 na Shinagodar a watan Janairun 2020. Waɗanda ba a lissafawa su ne waɗanda suka fito daga irin waɗannan wurare da rai amma ba da cikakken jiki ba. Idan takardarku za ta tuna wa mai saye cewa suna nan, suna raye, suna aiki, to ta yi amfani.

Hajiya mai kanti, Kasuwar Dole

Laminu, ni zan yi maka maganar kasuwa, domin a nan na fi sani. Tausayi yana sa mutum ya saya sau ɗaya, amma ba ya dawo da shi. Idan madaurin jaka ya tsinke bayan wata guda, matar da ta saya ba za ta tuna marayu ba, za ta ce kayan Damagaram sun lalace, kuma laifin zai hau kan sojojin da kuka rubuta a jikin takarda. Saboda haka kafin ku rubuta komai, ku tabbata fatar da kuke karɓa daga majema ta ji bagaruwa yadda ya kamata, ba ta wari, jan karan dafin ba ya zuba a jikin tufafi, ɗinkin kuma ya kai na mahaifinku. Kada ku ƙara ko dala ɗaya a kan farashi saboda takardar. Ranar da kuka ƙara, kun zama abin da tsohon yake gudu.

Malam Habu, Garin Malam

Allah ya saka wa gidanku da alheri, Malam Laminu. Ina ganin an haɗa abubuwa biyu wuri guda, shi ya sa maganar ta yi wuyar warwarewa. Abin da kuke biyan yayanka da abokansa da matan nan biyu lada ne na aikin da suka yi, ba sadaka ba ce, don haka batun riya bai shige shi ba. Baduku ya ce wane ne ya ɗinka kayansa ba alfahari da ibada ba ne, bayanin kaya ne. Sadakar ita ce abin da kuke warewa marayu, kuma a kanta tsoron mahaifinka yake da tushe. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 271, an nuna cewa bayyana sadaka abu ne mai kyau, amma ɓoye ta a kai wa mabuƙata ya fi alheri, a aya ta 264 kuma an hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Bayyanawa ta halatta, musamman idan za ta sa wasu su yi koyi, amma maraya ya ga an buga labarin talaucin gidansu domin a jawo masu saye yana iya zama cutarwar da aka hana.

Akwai kuma nauyin da ban ji kowa ya ambata ba. Muddin kuka rubuta cewa wani kaso na kuɗin yana zuwa ga marayu, wannan kaso ya fita daga hannunku tun lokacin da mai saye ya biya, ya zama amana. Ba za ku iya taɓa shi ranar da kasuwa ta yi sanyi ko fata ta yi tsada ba. Yanzu da kuke yi a ɓoye, kyauta ce da kuke iya ƙarawa ko ragewa gwargwadon hali. Ku auna wannan da kyau kafin ku ɗora wa kanku alkawari a rubuce.

Nasiru, Zango

Ina neman afuwar manya, amma ina da ja a kan tushen maganar gaba ɗaya. Soja ba gidan su Laminu ya yi wa aiki ba, ƙasa ya yi wa. Ita ta ɗauke shi da ƙafafu biyu, ita ya kamata ta riƙe shi da ya dawo da ɗaya. Tun watan Oktoban 2023 aka kafa asusun haɗin kai na ceton ƙasa, talakawa suna zuba abin da suke da shi domin tallafa wa jami'an tsaro, ga kuma haraji da kowa ke biya. Tsorona shi ne idan muka riƙa yabon baduku saboda ya ɗauki nauyin da ba nasa ba, za mu saba da ganin haka, har mu manta da tambayar waɗanda nauyin ke wuyansu. Shago ɗaya ya ɗauki mutum uku. Sauran fa?

Ajidan mai ritaya, Sabon Gari

Nasiru ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma mu da abin ya shafa mun fi ka son a riƙa yin ta. Haƙƙin soja a kan ƙasa ba ya faɗuwa don wani ya taimaka masa. Sai dai akwai abin da hukuma ba ta iya bayarwa ko da baitulmali ya cika. Tana iya biyan fansho da kuɗin magani da ƙafar roba, amma ba za ta zauna da mutum a inuwa ɗaya tana gyara masa riƙon wuƙa har hannunsa ya faɗa ba. Kuma takardun haƙƙi suna ɗaukar lokaci, sau da yawa sai an bi su har Yamai, yara kuwa kullum sai sun ci. Ka ci gaba da tambayarka da ƙarfi, su kuma su ci gaba da ɗinkinsu, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Malama Zuwaira, mai koyar da tarihi

Ina so in ƙara wa maganar Nasiru da ta Baba Ajidan wani abu daga baya, domin wannan ba shi ne karo na farko da ƙasar nan ta ga sojoji sun dawo gida an bar su da kansu ba. Faransa ta kafa rundunar sojojinta na Afirka a 1857, kuma ko da yake ana kiran su da sunan Senegal, an ɗebo su ne daga duk yankunan da ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da namu. Sun yi mata yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Ranar 1 ga Disambar 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga zaman fursuna a Turai suna neman a biya su kuɗinsu, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A ƙarshen 1959, ana gab da samun 'yancin kai, wata dokar Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, ya zamana Bafaranshe da ɗan Afirka da suka kwana a rami ɗaya suna karɓar kuɗin da ba su ko kusa da juna. Ba a daidaita su gaba ɗaya ba sai a farkon 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

A duk waɗannan shekaru, wa ya riƙe 'yan mazan jiya? Danginsu da unguwanninsu, da masu sana'a irin mahaifin Laminu. Abin da ya fi damuna a matsayina na malama shi ne ko sunayensu ba mu adana ba. Ina tambayar ɗalibaina ko akwai wanda kakansa ya je yaƙin Turawa, wasu su ɗaga hannu, amma ba su san inda ya je ko shekarar da ya dawo ba. Rundunar sojojinmu ta ƙasa an kafa ta ne ranar 1 ga Agustan 1961, kuma tun daga nan 'ya'yanmu sun je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha, bakwai sun rasu a yammacin Kodebuwa a watan Yunin 2012 suna aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, tara kuma a arewacin Mali a watan Oktoban 2014. Yara nawa ne a Damagaram suka san wannan?

Shawarata ga Laminu ita ce ku ajiye littafi a shago, ba don masu saye ba. Duk tsohon sojan da ya yarda, a rubuta sunansa da garinsu da wuraren da ya yi aiki, da abin da yake so jikokinsa su sani. Matan kuma su faɗi na mazajensu. Ƙanwarka da ke son a san su, ga aikin da ya dace da ita.

Maman Abdu

Ni ba na yawan magana a nan, amma wannan ta shafe ni, domin maigidana yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Ba ni cikin matan da ke aiki da gidan su Malam Laminu, ɗinkin keke nake yi a gida. Lokacin takaba, wata huɗu da kwana goma, gidan ba ya rabuwa da mutane, kowa yana kawo abin da ya samu, Allah ya saka musu. Bayan an fita takaba ne ƙafa ke ɗaukewa, a lokacin ne kuma kuɗin haya da na makaranta suke tsayawa a gabanka. Wadda ta samu mai kawo mata aiki a wannan lokaci ta samu babban rabo.

Abin da nake roƙo shi ne a tambayi matan nan kafin a yanke komai, kuma mace ce za ta tambaye su, a cikin ɗaki, ba a gaban mai ba su aiki ba. Mace ba za ta iya ce wa wanda ke ciyar da 'ya'yanta a'a ba, ko da zuciyarta ba ta so. Ni da kaina ba na son a kira ɗana maraya a gaban mutane. Ina so a ce masa ɗan wane, a ambaci sunan ubansa, ya ji cewa ubansa mutum ne da aka sani. Kuma Nasiru, ka yi gaskiya, akwai da yawa irina da ba su da shagon da zai neme su.

Ma'aikacin jinya, Karkada

Allah ya jiƙan maigidanki, Maman Abdu, ya raya abin da ya bari. Malam Laminu, ina da ƙarin bayani ta fuskar lafiya. Wanda aka yanke wa ƙafa bai kamata ya yini a zaune a kan tabarma yadda dukawa suka saba ba, domin tashi da zama suna wahalar da shi, kuma gwiwar da ta daɗe a lanƙwashe tana iya ƙagewa har sa ƙafar roba ya yi wuya. Ku yi musu benci da teburi daidai tsayinsu, su kuma riƙa duba dungun kowace rana saboda gyambo, musamman a watannin zafi. Sannan akwai raunin da ido ba ya gani. Wasu ba sa barci, wasu ƙarar buga guduma ko fashewar tayar babur tana firgita su, wasu kuma fushi ke zo musu ba dalili. Idan ɗayansu ya makara ko ya tashi ya fita ana cikin aiki, kada a ɗauka lalaci ne ko raini. Idan abin ya yawaita a raka shi asibiti, domin ciwo ne da ake magani, ba abin kunya ba ne.

Nasiru, Zango

Inna Maman Abdu, maganarki ta fi tawa nauyi, na kuma karɓi bayanin Baba Ajidan. Saura tambaya ɗaya ga Laminu, kuma ba da mugun nufi nake yin ta ba. Nawa kuke biyan su? Mafi ƙarancin albashi a nan Nijar ya koma jika 42 na sefa a wata tun farkon 2024. Idan abin da suke samu bai kai haka ba, to takardar da za a liƙa za ta amfani shago fiye da su.

Laminu Baduku, Birni

Na gode ƙwarai, iyayena da 'yan'uwana. Na karanta wa mahaifinmu duk abin da kuka rubuta, ƙanwarmu ma tana wurin.

Nasiru, tambayarka daidai ce. Mu ba albashin wata muke biya ba, a kan kowane kaya ake biya, kamar yadda ake yi a duk gidajen dukanci, kuma kuɗin ɗinkin takalmi ɗaya ne ko ni na ɗinka ko su. A watannin Sallah suna wuce adadin da ka faɗa, da damina kuwa, lokacin da fata ba ta bushewa da wuri kuma masu saye suna gona, ba sa kaiwa, mu ma ba ma kaiwa. Wannan gibin na damina shi ne dalilin da ya sa ƙanwarmu ke neman kasuwar Yamai tun farko.

Ga inda muka tsaya. Ba za a sa hoton kowa ba. Mahaifiyarmu za ta je wurin matan nan biyu ita kaɗai, kamar yadda Maman Abdu ta ce, yayanmu kuma zai yi magana da abokansa ba a gabanmu ba. Idan duka sun yarda, za a rubuta layi ɗaya kawai, cewa tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu suna cikin masu yin wannan aiki. Maganar marayu ba za ta shiga takarda ba, mahaifinmu ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma bayanin Malam Habu ya ƙara masa ƙarfi. Ƙanwarmu ba ta gamsu da hana hoto ba, tana ganin kaya ba sa tafiya a intanet sai da fuskar mai yin su, amma ta karɓi aikin littafin da Malama Zuwaira ta kawo. An kuma yi wa kafinta magana a kan benci.

Ajidan mai ritaya, Sabon Gari

Madalla. A cikin littafin kada ku tsaya ga sojoji kaɗai, ku sa jandarmomi da 'yan garda da 'yan sanda, domin a Difa da Tilaberi tare suka tsaya, tare kuma aka yi jana'izarsu. Akwai wani yaro a Mirriya da ya yi aiki a ƙarƙashina, hannunsa na hagu ya shanye amma na dama lafiya lau. Ban sani ba ko akwai aikin da mai hannu ɗaya zai iya a dukanci, mahaifinka ne zai faɗa.

Laminu Baduku, Birni

Baba Ajidan, na tambaye shi. Ya ce ɗinki sai da hannu biyu, amma shafa rini da goge fata da buga ado ana iya koya wa mai hannu ɗaya idan an danne masa fatar da wani abu mai nauyi. Sai dai gaskiya ba mu da aikin da zai ishi mutum na huɗu a yanzu, kuma ba ma so mu kira shi daga Mirriya mu sallame shi bayan wata biyu. Idan kasuwar Yamai ta buɗe, shi ne farkon wanda za mu nema.

Hajiya mai kanti, Kasuwar Dole

To Laminu, ina da 'yar'uwa mai kanti a Yamai, kuma tana karɓar kayan fata daga wurina. Ka kawo mini jakunkuna goma da takalman maza ƙafa goma kafin ƙarshen wata, a farashin sari da kuke ba kowa. Zan duba ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yi ba zan mayar maka a sake shi. Idan sun shiga, za mu yi maganar adadin da za ku iya kawowa kowane wata har da damina, daga nan sai ka san abin da za ka gaya wa Ajidan game da yaron Mirriya.